Malamin da Ya Koma Ɗan Aji Ɗaya

Jirgin ƙasa ne ya raya Gagarawa Tasha. Tun da aka shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a shekarar 1930, garin ya zama wurin da ake tara amfanin gona, a auna, a ɗura a buhu, a loda a tarago, a tafi da shi inda manomin da ya noma shi bai taɓa takawa ba. A da gyaɗa ce ake kwasa. Daga baya riɗi da zoɓo suka karɓe ta, manyan motoci kuma suka karɓi aikin tarago. Abin da bai sake ba shi ne, har yau mai noma bai san mai ci ba.

A wannan gari akwai wani malamin firamare, ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ya yi karatun Hausa a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Da yake malamai sun yi ƙaranci a makarantar da aka tura shi, sai aka haɗa masa da Turancin aji huɗu. Mahaifinsa malamin zaure ne. Wansa kuwa zoɓo yake saye a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar idan kaka ta yi, ya tara, ya kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis, inda wakilan manyan 'yan kasuwa ke jira da sikelinsu. Mafi yawan zoɓon da Nijeriya ke fitarwa ƙasar Meziko yake zuwa, can hayin tekun Atlantika. A shekarar 2018 ƙofar nan ta kasance a rufe, domin hukumomin Meziko sun dakatar da karɓar zoɓon Nijeriya saboda wani ƙwaron rumbu da suka ce sun gani a cikin kayan. Farashi ya faɗi warwas. Wan malamin ya kwana da buhuna a ɗaki, da bashin mutane a wuya, har sai da ya sayar da saniyarsa kafin ya samu ya numfasa.

Abin da ya tsaya wa malamin a rai ba asarar ba ce kaɗai. Wata magana ce aka yanke a wani ofis, cikin wani harshe, ta ƙetaro teku ta shigo har tsakar gidansu ta kwance saniya daga turke, amma a duk zuriyarsu babu mai iya karanta ko kalma ɗaya ta wannan harshe. Ya taɓa ganin hoton wata takarda ta kayan da ake turawa, an rubuta “flor de jamaica” a jiki, ya tambaya aka ce ai sunan zoɓo ke nan a can. Ya riƙe kalmomin nan uku kamar wanda ya tsinci mabuɗi bai san ƙofarsa ba.

A watan Maris na shekarar 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona. Iyakar Maigatari ma a rufe take tun watan Agusta na 2019. Zama ya yi yawa. A wancan lokaci kwalejoji da dama na ƙasashen waje sun buɗe wasu darussansu ta intanet ga duk mai so, sai malamin ya ci karo da kwas na masu fara koyon Sifaniyanci a wata kwaleji ta Amurka, ya sa sunansa. Harshen ba ƙarami ba ne. Masu jin sa tun daga nonon uwa sun kusa miliyan 500, shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, yana kuma cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasar da ta fi kowace yawan masu magana da shi ba Sifaniya ba ce, Meziko ce, wato mai sayen zoɓo. A Afirka ma akwai ƙasar Gini Ikwatoriya, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama a Malabo da Bata. Amma a Gagarawa, in ban da sunayen 'yan wasan Real Madrid da Barcelona da samari ke kira a gidajen kallon ƙwallo, babu inda ake jin ɗuriyarsa.

Tsarin kwas ɗin ba shi da wuyar ganewa. Kowane mako akwai gajerun bidiyo na malama, akwai jerin kalmomi, akwai tambayoyin da kwamfuta ke ba da makinsu nan take, sannan ɗalibi ya naɗi muryarsa yana karanta wasu jimloli ya tura. Sau ɗaya a mako ana haɗuwa kai tsaye, kuma saboda bambancin lokaci haɗuwar kan faɗo bayan sallar lisha, lokacin da gari ya yi tsit. Wahalar ta wajen kayan aiki ce. Waya ɗaya ce, ita ce allo, ita ce littafi, ita ce aji. Da rana tana shagon caji. Da dare malamin kan fita bayan gari wajen tsohon layin dogo, inda ya lura sabis ya fi ƙarfi, ya zauna a kan tudun da fitilarsa da littafin rubutu. Bidiyon minti bakwai kan ɗauki rabin awa kafin ya sauka, kuɗin data kuwa daga cefane ake yankar su. Duk wannan bai karya masa gwiwa ba, domin wanda ya yi karatu da aci-bal-bal ba ya tsoron duhu.

Abin da ya kusa karya shi wani ne daban. An shirya kwas ɗin ne domin masu Turanci, saboda haka duk bayanin da ake yi da Turanci ake yin sa, duk misalin da ake bayarwa da Turanci ake auna shi. Idan malama ta faɗi jimla, sai malamin ya juya ta zuwa Turanci, daga Turanci ya juya ta zuwa Hausa kafin ta zauna masa. Idan zai ba da amsa kuma sai ya sake bin hanyar nan da baya. Kamar mutum ne zai je Gumel daga Gagarawa, ya ce sai ya biya ta Kano. Kafin ya iso, aji ya wuce. A haɗuwar farko malama ta kira sunansa, ta tambaye shi daga ina yake. Ya san amsar, ya rubuta ta da rana, ga ta nan a gabansa. Amma harshensa ya yi nauyi, gumi ya karyo masa cikin sanyin dare, ya yi shiru har malamar ta ɗauka sabis ne ya yanke, ta wuce kan wani. Bai gyara mata zaton ba.

Mako na uku aka ba su jimlolin roƙo da godiya. A Sifaniyanci idan mutum zai ce “don Allah” sai ya ce “por favor”. Kalmomi biyu ne kacal, amma an ɗana wa Bahaushe tarko a cikinsu, domin ta farko da “p” ta fara, ta biyu da “f”, Hausa kuwa ba ta raba waɗannan sautuka biyu ba. Baƙi ɗaya gare ta a wannan gurbi, da leɓɓa biyu ake furta shi, wani ya matse su wani ya sassauta, ma'ana ba ta sakewa. Malamin ya naɗa ya tura, aka dawo masa da shi. Ya sake, aka sake dawowa da shi. Malamar ta yi masa bayani cikin ladabi cewa “puente” gada ce, “fuente” kuwa maɓuɓɓugar ruwa, wanda bai raba su ba zai aika baƙo inda bai nufa ba. A karo na uku ya saurari muryarsa da kansa, ya kasa jin inda kuskuren yake. A kunnensa daidai yake faɗa.

A nan ne wani yaro ya faɗo masa a rai. Ɗan aji huɗu ne, mai zama a bencin baya, ɗan wani mai facin taya. Watanni kaɗan kafin a rufe makaranta malamin ya tsayar da shi gaban aji a kan wannan sauti ɗin dai, a wata kalma ta Turanci. Ya sa shi maimaitawa sau goma, yaron yana faɗin abu ɗaya, 'yan aji suna dariya. Daga ƙarshe ya ce masa dutse ne a kansa, ya sa shi durƙuso har aka tashi. Tun daga ranar yaron bai ƙara ɗaga hannu ba. A lokacin malamin ya ɗauka taurin kai ne. Yanzu da yake zaune a kan tudun dogo da waya a hannu, ya gane cewa yaron bai ƙi faɗa ba, ji ne bai ji ba, domin kunne ba ya kama bambancin da harshen uwa bai koya masa ba sai an nuna masa inda yake. Abin kunyar kuma shi ne, shi malamin ya karanta wannan a kwaleji. Yana cikin darasin tsarin sauti, ya rubuta shi a jarrabawa, ya ci. Bai dai taɓa tsammanin ilimin zai yi amfani a wajen takardar jarrabawa ba.

Washegari ya ciro tsofaffin littattafansa daga akwati, har da Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na Mu'azu Sani Zariya, wanda gara ta fara taɓa bangonsa. Ya sayi sabon littafin rubutu ya raba kowane shafi gida biyu, Sifaniyanci a hagu, Hausa a dama. Turanci bai ba shi gurbi ba.

Abin da ya tarar ya ba shi mamaki. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta su haka ake furta su, tamkar a rubutun boko na Hausa. Ɗaliban da Turanci ne harshensu sun yi mako guda suna fama da wannan, shi kuwa tun yana aji ɗaya ya gama da shi. Sautin da suke rubutawa “ch” shi ne “c” na “ciki”. Harafin “ñ” na “mañana”, wato gobe, shi ne abin da ke tsakiyar “hanya”. Harafin “j” kuwa duk wanda ya yi karatun allo ya san shi, domin daga maƙogwaro yake fita kamar “ha” mai ɗigo a sama ta Larabci. Sai kuma “r”, wadda ita ce dodon 'yan ajin. Sifaniyanci ya raba “pero”, wato amma, da “perro”, wato kare, kuma an yi bidiyo guda a kan yadda mutum zai sa harshensa ya kaɗa. Bahaushe ya riga ya saba da ra iri biyu, ra-kaɗe da ra-gare, da su yake raba “bara” mai hidima da “bara” ta almajiri. Sautukan ba su zo daidai da na Sifaniyanci ƙwaƙƙwaran daidai ba, amma wanda ya iya cewa “sharri” ba zai sha wuyar “perro” ba. A haɗuwar mako na biyar malamar ta sa shi ya maimaita kalmar domin sauran su ji. Ranar ya koma gida bai ji nisan hanya ba.

Nahawu ya fi ba shi sha'awa. An ɓata darasi biyu ana lallashin ɗalibai su yarda cewa tebur da ƙofa da littafi suna da jinsi, domin a Turanci babu wannan. Malamin ya yi ta murmushi. Shi da ya tashi yana cewa “gida ne” da “mota ce”, “gidan” da “motar”, me za a gaya masa? Hasali ma ƙa'idar kusan ɗaya ce: a harsunan biyu sunan da ya ƙare da “a” galibi tamace ne. Har togaciyar ma ta yi kama. Hausa tana da gida da ruwa da nama da suna, duk sun ƙare da “a” amma maza ne. Sifaniyanci yana da “el día” da “el mapa” da “el problema”. Sai dai ya koyi kada ya ɗauki jinsin Hausa ya ɗora wa kalmar Sifaniyanci. A Hausa rana ta faɗi, wata ya tsaya. A can rana ce namiji, “el sol”, wata kuma tamace, “la luna”. Kowace al'umma da yadda ta aurar da taurarinta.

Akwai wani darasi da littattafan koyon Sifaniyanci ke ɗauka a matsayin babban tsauni, wato bambancin aikatau biyu, “ser” da “estar”, waɗanda Turanci ya haɗe su a kalma ɗaya. Malamin ya karanta bayanin Turancin sau uku bai fita da komai ba. Da ya jera misalan a littafinsa ya sa Hausarsu a gefe, sai abin ya bayyana da kansa. “Es maestro”, malami ne. “Está en el mercado”, yana kasuwa. Inda Hausa ta kawo dirka, ne ko ce, domin faɗin ko mene ne abu, nan “ser” yake. Inda ta ce yana ko tana domin faɗin inda abu yake ko abin da yake cikin yi, nan “estar” yake. Ma'aunin bai ɗauke komai ba, domin akwai wuraren da Hausa ke bi ta wata hanya dabam, kamar “está cansado” da muke cewa ya gaji. Amma ya ɗauke mafi yawa, ya bar masa kaɗan da zai haddace. Haka ya samu a faɗin shekaru: “tengo treinta años”, ina da shekara talatin, kalma bisa kalma. Haka a girmamawa, domin yadda suke da “tú” na tsara da “usted” na manya, haka Bahaushe ke barin kai da ke ya ce ku idan yana gaban surukinsa.

Wata rana da hantsi yana zaune a zauren mahaifinsa yana bitar kalmomin gari da hukuma, sai ya karanta “alcalde” da ƙarfi. Tsohon ya ɗago daga littafin da yake dubawa.

“Wane alƙali kake kira?”

“Ba alƙali ba ne, Baba, shugaban gari ne a harshen mutanen Sifaniya.”

“Ina ne Sifaniya?”

Da ya nuna masa taswira a waya ya karanto sunayen garuruwa, Córdoba, Granada, Sevilla, sai tsohon ya ajiye tabarau. Ai wannan Andalus ce, in ji shi, Ƙurɗuba ce da Garnaɗa da Ishbiliya. Ya miƙa hannu ya fara zaro littattafai daga buhun fata. Ga tafsirin Ƙurɗubi, sunan garinsu yake amsawa. Ga Alfiyya ta Ibn Malik, wadda duk mai neman nahawun Larabci a ƙasar Hausa sai ya bi ta kanta, mai ita haifaffen Jayyan ne, garin da yau ake kira Jaén. Ga Shaɗibiyya ta masu ƙira'a, daga Shaɗiba. Ga Tuhfa ta Ibn Asim mutumin Garnaɗa, wadda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da ita. Ishiriniyar da ake rerawa a maulidi ta Alfazazi ce, shi ma Ba'andaluse. Ashafa da ake karantawa da azumi kuwa ta Alƙali Iyal ce, wanda aka haifa a Sabta, garin da ke gaɓar Maroko amma yake hannun Sifaniya, ya kuma yi alƙalanci a Garnaɗa. Ashe ƙasar da ɗan ya ɗauka ba ta da wata alaƙa da gidansu, shekara da shekaru tana jingine a bangon zauren.

Musulmi sun shiga wannan ƙasa a shekarar 711, mulkinsu na ƙarshe a Garnaɗa ya faɗi a 1492. Zaman kusan ƙarni takwas ya bar kalmomin Larabci dubbai a bakin mutanen, kamar yadda addini da fatauci suka bar su a bakin Bahaushe. Uba da ɗa suka shafe kwanaki suna farautarsu, ɗan yana karantowa, uban yana gano asali. “Alcalde” da alƙali uwarsu ɗaya. “Alguacil”, wani jami'in kotu, daga waziri yake. “Azúcar” sukari ne, “aceituna” zaitun, “azafrán” za'afaran, “alcoba” ɗakin kwana daga ƙubba, “mezquino” daga miskini, ko da yake a can ma'anarsa ta karkata zuwa marowaci. “Hasta” ita ce hatta. “Ajonjolí”, sunan riɗi a Meziko, daga Larabci ya fito. Da suka zo kan “fulano” tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce ba Fulani ake nufi ba, fulan ne na Larabci, wato wane. Wadda ta fi taɓa shi ita ce “ojalá”, kalmar da suke faɗa idan suna fatan wani abu, wadda asalinta a Larabcin Andalus “idan Allah ya so” ne. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce a sake faɗa masa ita. Tun daga ranar ya daina kiran abin da ɗansa ke yi wasan waya.

Ba a ko'ina Hausa ta yi masa rana ba. A wasu wuraren ita ce ma ta riƙa taɗe shi. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, saboda haka “tres” ta zama “tires” a bakinsa, “flor” ta zama “fulor”, kamar yadda kakanninsa suka mai da burodi da furamare abin da suke. Aikatau na Sifaniyanci a wutsiya yake ɗauke da mai aikin, “hablo, hablas, habla”, alhali Hausa a gaba take ajiye shi, ina magana, kana magana, yana magana. Wannan babu dabara sai hadda, ya kuwa yi ta kamar yadda ya yi haddar allo, yana tafe yana maimaitawa. Ga kuma kalmomin da ke shigowa da fuskar 'yan gida alhali baƙi ne. “Mesa” tebur ne, ba macijiya ba. “Rana” kwaɗo ne. “Cama” gado ne. “Baba” kuwa yawu ne mai dalala, wannan bai gaya wa tsohon ba. Amma ko a inda Hausa ta zama cikas, sanin tsarinta ne ya nuna masa inda cikas ɗin yake. Da ya gane cewa “p” leɓɓa biyu ne ke rufewa ruf sannan su buɗe, “f” kuwa haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa iska na wucewa, sai ya ari madubin matarsa ya zauna da shi. Kwana huɗu ya yi. Abin da kunne ya kasa ji, ido ya gani.

Wannan batu ya fi gaban mutum ɗaya da wayarsa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. Kafin ita, a 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara gwaji a Ile-Ife na koyar da yara da Yarabanci shekara shida cur, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu ba. A shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar janye wannan, aka koma Turanci tun daga tushe. Manufa takan zo ta wuce, kowace da hujjarta. Amma yaron da zai shigo aji a Gagarawa ko Maigatari da Hausa a kansa zai shigo, da wasulanta da gaɓoɓinta da jinsinta, kuma babu takardar ofis da za ta sauke masa ita a bakin ƙofa. Ko da wane harshe aka ce a koyar, a kan Hausar nan sabon zai sauka. Malamin da ya san tsarinta ya san inda yaro zai wuce a guje da inda zai yi tuntuɓe tun kafin ya yi. Wanda bai sani ba, ko ya sani ya bar sanin a akwati, shi ne mai ganin taurin kai inda babu shi.

Aikin ƙarshe na kwas ɗin shi ne kowa ya yi magana ta minti biyu a kan garinsu da iyalinsa. Malamin ya rubuta jimloli goma sha biyu, ya yi kwana uku yana gyara. Ya ce garinsu ƙarami ne, yana da tsohuwar tashar jirgi. Ya ce mahaifinsa malami ne, shi ma malami ne. Sannan ya ce, “Mi hermano vende jamaica”, wana yana sayar da zoɓo. Malamar, wadda ashe haifaffiyar Meziko ce, ta dakatar da shi. Ta tambaye shi da Sifaniyanci, sannu a hankali, ko jamaica ta sha yake nufi. Ya ce ita. Ta ce a gidansu tafasa ta ake yi a tace, a sa sukari da ƙanƙara, a sha da abincin rana, kuma ba ta taɓa tambayar daga ina take zuwa ba. Ya gaya mata yadda ake shuka yakuwa da damina a gefen gero, yadda mata ke zama da kaka suna cire jajayen kofunan daga jikin ƙwallon har yatsunsu su rine, yadda ake shanya su a rana. Kalmominsa sun ƙare tun bai kai rabi ba, ya ƙarasa da hannu da nuna hoto. Sai bayan an rufe ya lura cewa a duk tsawon maganar bai biya ta Turanci ba.

Da aka buɗe makarantu wajen ƙarshen shekarar, ya shiga aji da ɗan madubi a aljihu. Yaron nan ya wuce aji biyar, amma ya sa aka kira masa shi lokacin tara. Ya zaunar da shi a inuwar darbejiya, ya riƙe madubin, ya ce ya dubi leɓɓansa. Bai ba shi haƙuri da baki ba, domin abin ya yi masa nauyi. Ya dai ce masa shi ma kwana huɗu ya yi kafin ya iya. Yaron ya yi a kwana biyu.

Sifaniyancin malamin bai wuce na mai farawa ba. Yana iya gaisuwa, ya yi ciniki, ya karanta gajeren labari da ƙamus a gefe. Bai zama tafinta ba, bai kuma sauya komai a cinikin zoɓo ba, domin manyan kamfanonin da ke Kano da Legas da Turanci suke ƙulla yarjejeniyarsu, ba su san da zamansa ba. Daga baya Meziko ta sake buɗe ƙofa bisa sharaɗin a riƙa turara kayan da maganin ƙwari kafin a tura, wan nasa ya koma saye. Wata Alhamis ya raka shi Maigatari. Suna tsaye ana ɗora buhuna a sikeli, wakilin kamfani yana rubutu, sai wan ya taɓa shi da gwiwar hannu.

“To Malam, tunda ka iya yarensu, sai ka gaya musu su ƙara mana kuɗi.”

“Yaya, ai ba su nan.”

“Faɗi dai in ji.”

Malamin ya gyara murya, ya haɗe leɓɓansa sosai, ya ce, “Más dinero, por favor.”

Wan ya jinjina kai, ya ce a sake faɗa. Mai sikeli ya ɗago ya dube su, sannan ya kira nauyin buhu na gaba.